Zaki a Ƙarƙashin Firji

Duk layin babu wanda bai san Injiniya ba, kuma babu wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta a allon shagonsa na gyaran waya, mutane suka gaji da musu suka bar masa. Aƙidarsa ɗaya ce a duniya: duk abin da ya fito daga kamfani bai gama haɗuwa ba sai ya bi ta hannunsa. Fankar ɗakinsu lafiyarta ƙalau ya kwance ta don ya ƙara mata gudu, tun daga ranar take zuƙe iska maimakon ta hura. Matarsa kuwa da ta ji takunsa a matakala sai ta ɓoye dutsen guga cikin kayan wanki.

Gidan haya suke, mai bene. Shagonsa yana ƙasa, jikin shagon Tela, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Ɗakinsu yana sama, daidai saman ɗakin Inna, tsohuwar da ta mallaki gidan.

Matar Injiniya tana da ƙane direban bas, ana ce masa Tulu saboda tumbinsa da yake riga shi shiga ɗaki. Ya daɗe bai leƙo su ba. Ran nan da yamma Injiniya yana zaune bakin shago, sai ga wani ƙaƙƙarfa ya wuce shi da buhun shinkafa a kafaɗa ɗaya, ya haye matakala kamar matashin kai ya ɗauko. Sai da ya ji dariyarsa daga sama ya gane ko wane ne. Ya bi shi da sauri. Ya tarar da matarsa tana zagaye ƙanenta tana latsa damtsensa kamar mai zaɓen kankana.

"Tulu," in ji Injiniya, yana haki saboda hawan benen, "ina ka kai tulun?"

"Na sauke shi, Yaya Injiniya."

"Ciwo ka yi?"

"Ɗaga ƙarfe nake yi." Tulu ya ciro waya ya nuna masa. "Manhaja ce, komai a shirye yake a ciki. Ta ce ɗaga, in ɗaga. Ta ce tsuguna, in tsuguna. Ta ce yau hutu, ko tsinke ba na ɗagawa."

"Wato ka sayi waya, ita kuma ta saye ka."

"Ta dai saye shi da daraja," in ji matar. "Dubi kafaɗa. Ka ga yadda ya hau da buhun nan ko numfashinsa bai canja ba? Kai ba ka ɗauko komai ba ka hau kana hura hanci kamar an biyo ka."

Wannan magana ta soki Injiniya. Ya karɓi wayar yana latse-latse, yana taɓe baki.

"Ina wurin da ake canja tsarin?"

"Babu. Ai daɗinta ke nan, ba sai ka yi tunani ba. Akwai dai wata iri, wadda mutum yake tsara wa kansa komai da komai, amma sun ce ta waɗanda suka daɗe a harkar ce."

Matar ta yi ta ƙifta wa ƙanenta ido don ya yi shiru, amma magana ta riga ta fita. Fuskar Injiniya ta washe kamar an kunna fitila.

Washegari ko buɗe shago bai gama yi ba ya sauke manhajar. Ya jawo benci tsakanin shagonsa da na Tela, don aiki irin wannan yana son shaida.

"Tana tambaya matsayina," ya ce. "Sabon shiga, matsakaici, ko gwani."

"Wanne ka danna?"

"Ina neman na sama da gwani ne, ban gani ba. Ka ga irin kuskuren kamfani."

Ya danna gwani. Ta tambayi shekarunsa, ya rage mata waɗanda ya ce bai ji daɗinsu ba. Daga nan ta jero masa abubuwan da zai iya ɗauka ko ya bari. Na farko dumama jiki kafin a fara.

"Dumama? Ni sauran abincin jiya ne?" Ya goge.

Na biyu ranakun hutu. Ya ce hutu na wanda ya gaji ne, shi kuwa bai fara ba balle ya gaji. Ya goge. Na uku atisayen ƙafa, tsuguno da miƙewa da hawa da sauka. Ya goge su duka ba tare da ya karanta ba.

Tela ya ɗago daga keken ɗinki. "Ƙafar fa, maƙwabci?"

"Wando yana rufe ta. Ka taɓa ganin an naɗe wando an nuna wa mutane ƙwauri? Damtse ake kallo."

"Ni nake auna ka, na san abin da wandon yake rufewa. Yadin da ya rage daga ƙafarka shi nake yi maka aljihu da shi."

Injiniya bai kula shi ba, don ya gano wani abu da ya fi daɗi. Manhajar tana magana, kuma mutum zai iya zaɓar sunan da za ta riƙa kiransa da shi. Ya rubuta Zaki. Ya zaɓi murya mai laushi, ya ƙure ƙarar, ya danna wurin da aka rubuta yawan yabo har sai da ya daina motsi.

Saura ƙarfen ɗagawa. Ya ce ba zai sayi na kanti ba, na kanti kowa yana da shi. Ya samo bututun ƙarfe da gwangwanayen fenti biyu, ya cika su da siminti ya soka bututun a tsakani. Ɗaya gwangwanin ya fi ɗayan girma, amma ya ce da gangan ne, hannun dama ai shi ne babba.

Da safe matarsa tana haɗa shayi ta ji muryar mace daga ɗaki tana cewa, "Madalla, Zaki. Babu kamarka. Ka burge ni yau." Ta leƙo da cokali a hannu. Ta ga mijinta daga shi sai singileti, ya karkace gefe ɗaya kamar kwale-kwalen da ya sha ruwa, jijiyoyin wuyansa sun fito, ƙarfen ko cibiya bai kai ba.

"Wace ce wannan?"

"Mai horar da ni ce."

"To ka gaya mata in tana ganin babu kamarka ta zo ta wanke singiletin."

Kafin ya ba ta amsa ƙarfen ya suɓuce. Babban gwangwanin ya daki ƙasa, gidan ya amsa. Jim kaɗan aka ji ana bugun rufi daga ƙasa da sanda, sannan muryar Inna ta taso ta taga.

"Ɗan nan, rijiya kake haƙa mini a sama? Ga farar ƙasa ta zubo mini cikin shayi."

"Motsa jiki nake yi, Inna."

"To motsa jikinka, ka bar mini jikin gidana."

Kashegari Injiniya ya farka ya tarar hannayensa sun yi yaji. Suna nan a jikinsa, amma ba sa karɓar umarni. Matarsa ce ta zura masa riga kamar jariri. Da aka ajiye masa shayi ya dubi kofin, kofin ya dube shi, ƙarshe ya sunkuyar da kai ya kurɓa kamar akuya a bakin kwano.

"In kira likita?" in ji matar.

"Ƙwanji ne yake tsirowa. Haka ake ji. Ke ba ki san kimiyya ba."

A shago wata mata ta kawo waya a canja mata gilashi. Ya ɗauki sukundireba, hannu ya kama rawa, ya yi ta zagaye kan noti yana kasa saka shi. Matar ta daɗe tana kallo, sannan a hankali ta zare wayarta daga gabansa ta ce za ta dawo idan ya ci abinci. Ya kwana uku yana tafiya a karkace saboda babban gwangwani, har Tela ya ce in abin ya ɗore zai riƙa ɗinka masa riga mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere.

Da hannayen suka ɗan dawo hayyacinsu sai ya ƙara wa tsarin rataya. Ya ga hoton wani yana kama ƙarfe a sama yana jan jikinsa. Shi ba shi da ƙarfe a sama, amma yana da ƙofar banɗaki. Ya kama samanta ya ɗaga ƙafafu. Ƙofar ta yi wata 'yar ƙara ta ban kwana, ta biyo shi ƙasa ita da katakon da ke riƙe da ita. Daga ranar zanin gado aka rataya a wurin, duk mai shiga sai ya yi ta gyaran murya har ya fito.

"Baban yara," matarsa ta ce masa, "don Allah ka karɓi irin ta Tulu. Shi bai karya ƙofar kowa ba."

"Ta Tulu ta talakawan ƙarfi ce. Kowa da kowa tsari ɗaya, kamar rigar makaranta. Ni tawa a jikina aka yanka ta."

"To wanda ya yanka ɗin bai iya awo ba."

Abin da ya ƙara ɗaure masa gindi shi ne maganar nauyi. Kullum in ya gama, manhajar takan tambaye shi kilo nawa ya ɗaga. Ba shi da sikeli, kuma ya ce ba ya buƙata, don jikin injiniya sikeli ne. Ranar farko ya ji ƙarfen kamar kilo sittin, ya rubuta sittin. Da yake ya goge hutu, kullum gajiya ƙaruwa take, kullum kuma ƙarfen ƙara yi masa nauyi yake. Shi kuwa abin da ya ji shi yake rubutawa. Siminti yana nan yadda yake, har ya fara ɓarɓashewa yana raguwa, amma a waya nauyi sai hawa yake. Manhajar ta zana masa wani jan layi da ya miƙe sama kamar zai fasa gilashin, ta ce yanzu yana ɗaga fiye da kilo ɗari, ta aiko masa da hoton kofin zinariya.

Babu wanda bai ga wannan layi ba. Mai kawo burodi ya gani, mai karanta mitar wuta ya gani, Inna ma an kai mata har ɗaki, ta ce ita ba ta ga komai ba sai tsutsa tana hawa bango.

"Layin ne yake ƙarfi ko kai?" Tela ya tambaye shi.

"Layin hotona ne."

"Lallai kuwa. Siriri ne, kuma a karkace yake."

Ana cikin haka firjin matarsa ya iso. Ta daɗe tana burinsa. So take ta riƙa sayar da ƙanƙara da lemo mai sanyi, ta daina jiran abin da shagon waya zai kawo, musamman yanzu da masu waya suka fara tsallake shagon. Ta zaɓo babba, mai ƙofa biyu, dogo ya fi mijinta. Da rana tsaka mota ta tsaya a ƙofar gida, 'yan dako uku suka sauke shi a gindin matakala. Ita kuwa ta haye sama da gudu don ta share inda za a ajiye shi.

Injiniya ya fito ya zagaye firjin. A jikin kwalin ya ga an rubuta nauyinsa, kilo tamanin da wani abu. Ya ciro waya ya dubi jan layi. Ya sake duban kwalin. Ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa abinci har gado.

"Ku uku za ku ɗauki wannan ɗan abin?"

"Haka muka saba, maigida," in ji babbansu. "Benen yana da kwana."

"Ku ɗaura mini shi a baya ku tafi abinku."

Suka dubi juna. Babban ya ce su dai an ce su kai shi sama. Injiniya ya ce shi ne mijin mai firjin, kuma ya sallame su. Babban ya juya ga Tela ya ce ya zama shaida, in wani abu ya faru babu hannunsu. Tela ya ce ai shaida sana'arsa ce ta biyu tun da maƙwabcinsa ya fara ƙarfi.

Suka jingina masa firjin a baya, suka zagaya igiya ta ƙirjinsa da ƙugunsa. Da suka zo ƙullewa ya ture hannunsu, ya ce ƙullin 'yan dako na kowa da kowa ne, shi yana da nasa da ya ƙirƙiro. Ya yi ta cusa igiya cikin igiya har ta zama wani dunƙule kamar kan kabeji a ƙirjinsa. 'Yan dako suka shiga mota suka tafi, ɗayansu yana leƙowa ta taga har suka sha kwana.

Kafin nan mutane sun taru. Masu shaguna, masu wucewa, mai gyaran takalmi da takalmin wani a hannu. Injiniya ya miƙa wa Tela wayarsa ya ce ya ɗauki bidiyo, kuma ya tabbata damtse ya fito.

Ya sunkuya, ya yi nishi, firji ya bar ƙasa. Ya taka matakala ta farko, ya taka ta biyu. Wani ya fara tafi. Injiniya ya ji duniya ta yi masa daɗi, har ya so ya ɗaga wa mutane hannu. Ya ci gaba da hawa, yana jin ana cewa ashe dai da gaske yake.

A daidai kwanar benen ƙafafunsa suka tuna cewa ba a gayyace su wannan harka ba. Ta hagu ta fara rawa, ta dama ta karɓa. Tela ya ce daga ƙasa sai ka rantse keken ɗinki ake takawa. Injiniya ya yi wa gwiwoyinsa magana a hankali, ya roƙe su, ya yi musu alkawarin zai mayar da su cikin tsari gobe. Ba su saurare shi ba. Suka naɗe, ya durƙusa, goshinsa ya sauka kan matakala. Firjin ya zame gefe ya cije tsakanin bango da ƙarfen dafawa na gefen matakala, ya tsaya cak, rabin nauyinsa a kan gini, rabi a kan Injiniya.

Matarsa ta fito da tsintsiya a hannu ta leƙo daga sama. Ba ta ga kowa ba sai firji a kwance a kwana, da tafin ƙafa biyu a ƙarƙashinsa.

"Ina 'yan dakon?"

"Ya sallame su," in ji jama'a baki ɗaya.

Ta ƙara leƙawa. "Firjin ya fashe?"

"Ni ba za ki tambayi lafiyata ba?" murya ta fito daga ƙasa, a matse.

"Kai ai ga shi ina jin muryarka. Shi ne ba ya magana."

"Ban faɗi ba fa. Hutawa nake yi."

"Ashe ka mayar da hutun cikin tsari," in ji Tela.

A daidai nan wayar da ke hannun Tela ta yi ƙara, muryar nan mai laushi ta cika matakala. "Zaki, na ga ka daɗe ba ka motsa ba. Ko nauyin ya yi maka kaɗan? In ƙara?"

Dariya ta ɓarke har mai gyaran takalmi ya zauna a ƙasa. Inna ta fito da sandarta tana tambayar abin da ake yi. Tela ya ce mata mai horarwa ce ta ce a ƙara nauyi, ko tana da wani abu mai nauyi a ɗaki. Inna ta ɗaga kai ta ga bangonta ya kankare, ƙarfen dafawa ya lanƙwashe, ta ce ita kanta za ta hau ta zauna a kai in ba a cire mata wannan abu daga bene ba.

Maza biyu suka gwada turawa daga ƙasa, firji ya ƙara cijewa, Injiniya ya yi wata ƙara da ba ta yi kama da ta zaki ba. Suka gwada ja, ya ce su bari, igiyar tana raba shi biyu. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke haya a sama ta fito cikin fararen kaya za ta tafi aiki, ta tarar babu hanya. Ta sunkuya ta tambaye shi ko yana jin yatsun ƙafarsa. Ya ce yana ji. Ta ce to lafiyarsa lau, ita ce za ta makara.

Matar Injiniya ta kira ƙanenta a waya. Aka yi sa'a yana kusa. Ba a daɗe ba sai ga Tulu ya ratso jama'a, kafaɗu kamar ƙofar gareji. Mutane suka buɗa masa hanya, aka ce to, ga mai abin ya zo. Ya hau ya duba firji ta sama, ya duba ta ƙasa, ya gaishe da surukinsa cikin ladabi. Sannan ya ciro waya ya duba, fuskarsa ta canja.

"Yaya, akwai matsala."

"Wace iri?" in ji yayarsa daga sama.

"Yau ranar hutuna ce."

"Ranar me?"

"Hutu. Ga shi ta rubuta. Ko tsinke ba a ɗagawa yau. Gobe ne ranar baya da kafaɗa, in zai iya jira, da sassafe zan zo."

"Tulu," in ji muryar ƙarƙashin firji, "canja tsarin."

"Ba a canjawa, Yaya Injiniya. Ai na gaya maka daɗinta ke nan."

Tela ya ce shi yau ya ga abin da bai taɓa gani ba, ɗaya waya ta ce masa ɗauki abin da ba zai iya ba ya ɗauka, ɗaya ta ce kada ya ɗauki abin da zai iya ya ƙi. Matar Injiniya ta nuna ƙanenta da tsintsiya ta saman firji.

"Kai, dube ni nan. Ni na goya ka a bayana har ka yi wayo, kuma tun a lokacin tulu ne kai. Ka taɓa jin na ce yau ranar hutuna ce?"

Tulu ya sunkuyar da kai. Ya kashe wayar, ya sauka ya miƙa wa Inna, ya roƙe ta ta kai ta ɗaki ta rufe da filo kada manhajar ta ji. Aka ce to bisimilla. Ya ce a dakata, ba ya taɓa nauyi sai ya dumama jiki. Nan a gaban jama'a ya shiga wulwula hannaye, ya murza wuya, ya tsuguna ya miƙe, ya taɓa yatsun ƙafa, yana lissafi a hankali. Injiniya yana ta kiran sunansa daga ƙasa, shi kuwa yana cewa saura kaɗan, gaggawa ita take kawo rauni.

Da ya gama ya shiga ta ƙasa ya sa kafaɗa. Tela ya miƙa wa wani wayar don kada bidiyo ya yanke, ya kama gefe ɗaya, mai gyaran takalmi ya kama ɗayan. Matar da ma'aikaciyar asibiti suka ja daga sama. Firji ya yi ƙara ya saki bango, ya tashi sama. Injiniya ma ya tashi tare da shi, don igiya tana nan.

"Ku kwance shi," in ji Tulu, yana nishi.

Tela ya laluba ƙullin da hannu ɗaya, ya ja nan, ya ja can, dunƙulen sai ƙara tsukewa yake. "Maƙwabci, ta ina ake kwance wannan?"

"Ban kai ga ƙirƙiro wannan ɓangaren ba."

Babu wurin ajiyewa a kwana, babu hannun da zai je neman wuƙa. Haka aka ci gaba da hawa da su biyun, firji a sama, Injiniya yana reto a ƙarƙashinsa kamar jemage, yatsun ƙafarsa suna shafar matakala. Jama'a suka biyo baya suna ba da shawara. Duk da haka bakinsa bai mutu ba, yana cewa a ɗan karkata hagu, a bi a hankali, shi yake jan ragamar aikin. Sai a tsakiyar falo Tela ya sauka ya ɗauko almakashi ya datse igiyar, Injiniya ya zube kan tabarma.

Matarsa ta tsallake shi ta jona firji. Kowa ya kasa kunne. Firji ya yi ɗan tari ya kama ruri lafiya lau. Sai a lokacin ta dubi mijinta ta ce sannu.

Ƙanƙarar farko da firjin ya haɗa a bayan Injiniya ta ƙare. Ya yi kwanaki a kife kan katifa, ana shafa masa man zafi, ma'aikaciyar asibiti tana leƙowa tana cewa babu abin da ya karye sai dai ya kiyayi ɗaga duk abin da ya fi kofi. Inna ta sa aka fitar da gwangwanayen siminti, ta ce za su yi mata amfani wajen tare ƙofa.

Bidiyon kuwa ya zaga gari. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu unguwanni don su ga benen, su ga kwanar, su ga firjin da idonsu. Duk wanda ya hau sai ƙishi ya kama shi, duk wanda ƙishi ya kama sai ya sayi lemo. Matar Injiniya ba ta zauna ba, ƙanƙara ba ta kwana. Wasu har sukan roƙa a buɗe musu labule su gaisa da Zaki.

Da Injiniya ya ga haka sai ya gyara labarin. Ranar da Tulu da Tela suka zo duba shi, ya ɗago kai daga filo ya ce musu su yi tunani da kyau.

"Wa ya san da firjin nan kafin ranar? Babu. Yanzu wa bai sani ba? Talla ke nan. Tun da na ga kwalin na tsara komai, har durƙuson. Ku kuna ganin faɗuwa, ni ina ganin kasuwa."

"Har reton ma a cikin tsarin yake?" in ji Tela.

"Shi ne ma ƙashin bayan tsarin."

Matarsa tana bakin ƙofa tana jera kwalabe a bokiti. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Alhamdu lillahi, tunda haka ne. Dama ciniki ya sa na yi odar injin wanki, jibi za a kawo. In sanar da mutane su zo da wuri su sami wurin tsayawa?"

Injiniya ya mayar da fuskarsa cikin filo. Can aka ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Maman yara, yaran nan uku masu dako, kina da lambarsu?"